FILIN ILIMI DA LAFIYAR IYALI: Harafi Ɗaya a Cikin Jini

  A wannan fitowa za mu tsaya a kan wata tambaya da ke yawan tasowa a gidajenmu idan maganar aure ta kankama, ko kuma idan aka sami yaro mai yawan ciwon ƙashi da gaɓoɓi. Mene ne ainihin ma'anar AA da AS da SS da AC da likita ke rubutawa a takardar awon jini? Ta yaya uba da uwa masu ƙoshin lafiya za su haifi ɗa mai sikila, wato amosanin jini, wanda a Nijar aka fi sani da emasi? Amsar tana cikin wani fanni na ilimin halittu wanda aikinsa shi ne jera rubutun ƙwayoyin gado kafaɗa da kafaɗa, a duba inda suka yi daidai da inda suka saɓa. Za mu bi zancen daki-daki, domin wanda ya fahimci tushen abu ba ya ruɗewa da rassansa.

Rubutun da ke cikin jiki

A cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikinmu akwai wani dogon zare da masu Faransanci ke kira ADN, masu Ingilishi kuma DNA. Zaren nan rubutu ne, amma haruffansa huɗu ne kacal: A da C da G da T. Rubutun ɗan Adam ya kai kimanin haruffa biliyan 3, an rarraba shi a cikin ƙunshi-ƙunshi da ake kira kuromozom, guda 23 daga uba, 23 daga uwa. Wani yanki na wannan rubutu da ke ɗauke da umarnin ƙera abu guda shi muke kira ƙwayar gado.

Abin da ƙwayar gado ke umarni a ƙera, galibi, furotin ne. Mu ɗauki furotin kamar carbi. Ƴaƴan carbin su ne ake kira amino asid, kuma iri 20 ne. Jiki yana karanta rubutun ne haruffa uku-uku, kowace kalma mai haruffa uku tana nuna irin ɗan carbin da za a zura. Idan ya karanta GAG sai ya zura wanda ake kira gulutamik asid, idan ya karanta GTG sai ya zura balin, idan AAG ne sai laisin. In an gama zurawa, carbin yakan nannaɗe ya ɗauki wata siffa ta musamman, kuma da wannan siffa yake aikinsa.

Mu Hausawa mun san abin da harafi ɗaya ke iya yi. Ƙugiya kaɗai ce ta raba "kafa" da "ƙafa", ta raba "bari" da "ɓari". Wanda ya yi karatun allo ya san ɗigo ne ke raba wasu baƙaƙe da ƴan'uwansu. Haka al'amarin yake a rubutun jiki.

Yadda aka gano harafin

Abin da ke ba jini jan launi, yake kuma ɗaukar iskar oksijin daga huhu zuwa sauran sassan jiki, furotin ne mai suna hemogilobin. Carbi huɗu ne suka haɗu suka yi shi: biyu ana kiran su alfa, kowanne da ƴaƴa 141, biyu kuma beta, kowanne da ƴaƴa 146.

A shekarar 1910 wani likita a birnin Chicago na Amurka, James Herrick, ya bayyana jajayen ƙwayoyin jini masu siffar lauje da aka gani a jinin wani ɗalibi. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa hemogilobin na masu wannan ciwo yana tafiya daban da na sauran mutane idan aka sa shi a cikin lantarki. Daga nan sai Vernon Ingram, a jami'ar Kambirij ta Ingila, ya daddatsa furotin ɗin gunduwa-gunduwa, kuma tsakanin 1956 da 1957 ya gano inda bambancin yake. A cikin ƴaƴa 146 na carbin beta, guda ɗaya tak ne ya canza, wato na shida. Inda ya kamata a sami gulutamik asid, sai aka sami balin. Daga baya aka karanta ƙwayar gadon kanta aka ga dalili: GAG ce ta koma GTG. Harafi ɗaya ke nan a cikin biliyan 3.

To me ya sa ƙaramin canji irin wannan ke haifar da babbar wahala? Gulutamik asid yana jituwa da ruwa, balin kuwa kamar mai yake, gudun ruwa yake yi. Matsayi na shida yana can a bayan furotin, a fuskar da ke taɓa ruwa. Idan hemogilobin ya sauke oksijin ɗinsa, sai balin ɗin ya sami wani ɗan gurbi a jikin maƙwabcinsa ya maƙale, wannan ma ya maƙale wa na gaba, har su zama dogayen sanduna a cikin ƙwayar jinin. Sandunan ne ke lanƙwasa ta ta zama lauje. Ƙwayar da ta ƙage haka ba ta iya ratsa ƙananan hanyoyin jini, sai ta toshe su, daga nan ciwon ƙashi ke tasowa. Ga shi kuma ba ta daɗewa. Lafiyayyar ƙwayar jini takan yi kwana 120, mai siffar lauje kuwa kwana 10 zuwa 20, shi ya sa ƙarancin jini ba ya rabuwa da mai ciwon.

A 1958 Ingram da abokin aikinsa John Hunt suka gano cewa hemogilobin C ma a wannan matsayi na shida ya saɓa, sai dai shi GAG ce ta koma AAG, laisin ya maye gurbin. Wurin ɗaya ne, canjin ne daban, saboda haka halinsa ma daban. Hemogilobin C ba ya yin sanduna, amma yana sa ƙwayar jini ta rasa ruwa ta yi kauri. An fi samun sa a Burkina Faso da arewacin Gana, kuma yana nan a sauran ƙasashen Afirka ta Yamma, har da namu.

Ba kowane canji ke cutarwa ba

Kada mai karatu ya zaci duk harafin da ya canza masifa ce. Da GAG za ta koma GAA, da babu abin da zai faru, domin kalmomin biyu duk gulutamik asid suke nufi. An rubuta fiye da nau'i 1,000 na hemogilobin a tsakanin ƴan Adam, kuma da yawa daga cikinsu masu su ba su ma san suna da su ba. A ɗaya ɓangaren kuma akwai canjin da ke tsinke carbin gaba ɗaya. A ƙasashen bakin tekun Bahar Rum ana samun wani canji a kalma ta 39 ta ƙwayar beta, inda CAG ke komawa TAG. Ita TAG ma'anarta "tsaya nan", saboda haka jiki yakan daina zurawa tun ba a yi nisa ba, carbin beta ba ya samuwa. Wannan yana cikin sabubban ciwon da ake kira talasemiya.

Idan aka kwatanta mu da dabbobi, darasin yakan ƙara fitowa fili. Carbin beta na ɗan Adam ya saɓa da na goggon biri a wuri 1, da na ɓera a wurare 27, da na kaza a wurare 45, da na kwaɗo a wurare 67. Kaza da ta saɓa da mu a wurare 45 jininta yana aikinsa lafiya lau, alhali bambancin wuri ɗaya ya kwantar da yaro mai SS. Ashe abin lura shi ne wurin da canjin ya faɗa da irin abin da ya shigo. Akwai kuma wuraren da kusan ba sa canzawa a duk waɗannan halittu, kamar wani amino asid mai suna histidin wanda ke riƙe da ƙarfen da oksijin ke sauka a kansa. Idan masana suka jera rubuce-rubuce da yawa suka ga wani wuri bai motsa ba, sai su gane cewa nan ne ginshiƙin ɗakin. Da wannan dabara ake hasashen ko wani sabon canji da aka gani a jikin majinyaci mai hatsari ne.

Aikin ya yi kama da na malaman da ke nazarin tsofaffin littattafan da aka kwafa da hannu. Idan suka tara kwafi goma na littafi ɗaya, suka ga uku sun yi tarayya a kuskuren alƙalami iri ɗaya, sukan gane cewa ukun nan daga kwafi guda aka ɗauko su. Haka masana suka duba rubutun da ke kewaye da harafin sikila suka raba shi gida biyar, suka sa musu sunayen wuraren da aka fara bayyana su: Senegal, Benin, Bantu, Kamaru, da na Larabawa da Indiya. An daɗe ana ganin kamar sau da dama canjin ya faru a wurare daban-daban, amma wani bincike na 2018 ya karkata ga cewa sau ɗaya ya faru, kimanin shekaru 7,300 da suka wuce. Dalilin yaɗuwarsa kuwa Anthony Allison ya nuna shi tun 1954 a Afirka ta Gabas: mai AS yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. A 2001 wani bincike a Burkina Faso ya nuna hemogilobin C ma yana ba da kariya. Saboda haka harafin nan gadon kakanni ne da ya tsirar da yawa daga cikinsu a ƙasar sauro, babu abin kunya a cikinsa.

Dangi a gida ɗaya

Ko a cikin jikin mutum guda akwai ƙwayoyin gado ƴan gida ɗaya. Ta alfa tana kan kuromozom na 16, ta beta tana kan na 11, kuma kusa da ita akwai ƴan'uwanta, delta da gama. Masana sun bayyana cewa asalinsu ɗaya ne, kwafi ne aka yi ta maimaitawa, kowane kwafi ya bi hanyarsa. Delta ta saɓa da beta a wurare 10, gama a wurare 39, alfa kuwa ta yi nisa har abin da suka yi tarayya a kai bai kai rabi ba, amma duk da haka siffar nannaɗewarsu kusan ɗaya ce. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane, kuma a nan ma kowace da aikinta.

Gama ita ce ta jariri a ciki. Ɗan tayi ba ya shaƙar iska, daga jinin uwa yake karɓar oksijin ta mabiyiya, don haka dole hemogilobin ɗinsa ya fi na uwa ƙarfin kamu. Ɗaya daga cikin wurare 39 ɗin nan, matsayi na 143, yana cikin abin da ke ba shi wannan fifiko. Bayan haihuwa jiki yakan rufe gama sannu a hankali ya buɗe beta, cikin kimanin wata shida. Wannan ne ya sa jariri mai SS ke fitowa lafiyayye, sai ya kusa wata shida alamu su fara, sau da yawa da kumburin hannuwa da ƙafafu. Wata likitar yara a New York, Janet Watson, ta lura da haka tun 1948. Hemogilobin na jariri ba ya shiga cikin sandunan nan, yana ma hana su haɗuwa, shi ya sa masu nau'in Senegal da na Larabawa da Indiya, waɗanda galibi ke riƙe da shi da ɗan yawa har girma, ciwon ya kan zo musu da sauƙi.

Daga wannan fahimta magani ya fito. Ƙwayar haidiroksiyuriya, wadda Amurka ta amince da ita ga masu sikila a 1998, tana ƙara yawan hemogilobin na jariri a jikin majinyaci, kuma wani gwaji da aka buga a 2019, wanda aka yi a Angola da Kongo Kinshasa da Kenya da Uganda, ya nuna tana rage tashin ciwon ga yaran Afirka. Likita ne ke rubuta ta yana bibiyar jinin, ba a sayen ta a kasuwa da ka. A ƙarshen 2023 kuma Birtaniya da Amurka suka amince da wani magani mai suna Casgevy, wanda ke gyara rubutun ƙwayoyin ɓargon majinyaci domin a sake buɗe gama. Kuɗin da aka sa masa a Amurka dala miliyan 2 da dubu 200 ne, abin da ya fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba. Don haka a gare mu har yanzu rigakafi ya fi magani.

Misalin insulin

Masu ciwon sukari ma suna da rabo a wannan ilimi. Insulin shi ne furotin na farko da aka karanta jerinsa kaf, aikin da Frederick Sanger ya kammala a 1955, ya kuma sami kyautar Nobel a kansa a 1958. Ƴaƴansa 51 ne. Na alade ya saɓa da na mutum a wuri 1, na saniya a wurare 3. Saboda wannan kusanci, tun daga 1922 har tsawon shekaru 60, daga jikin waɗannan dabbobi ake tatso insulin da ake yi wa mutane allura, abin da ya sa Musulmi da dama cikin damuwa da neman fatawa. A 1982 aka fito da insulin irin na ɗan Adam, wanda ake samu ta hanyar dasa rubutun ƙwayar gadon a cikin ƙananan halittu su riƙa ƙera shi. Irin wannan, da nau'o'in da aka gyara daga gare shi, su ne suka mamaye kantunan magani a yau. Wanda ke da shakka a kan nasa sai ya tambayi likita ko mai kantin magani, kada ya bar allurarsa a kan jita-jita.

Abin da ya shafi gidajenmu

Ƙididdigar duniya ta nuna cewa a shekarar 2021 an haifi jarirai fiye da dubu 500 da wannan ciwo, mafi yawansu a Afirka kudu da Sahara. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 19 ga Yuni na kowace shekara domin tunawa da shi. Ga abubuwa huɗu da muke roƙon kowane magidanci da kowace uwargida su riƙe.

Na farko, kowane mutum kwafi biyu na ƙwayar beta yake da su, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Yaro ba ya zama SS sai ya karɓi S daga kowannensu. Saboda haka zalunci ne a ɗora wa mace laifi, a ce jininta ne ba shi da kyau, ko danginta ne suka kawo ciwo, har ta kai ga gori ko saki. Rabin rubutun daga mijin ya fito. Haka nan ba maita ba ce, ba sammu ba ne.

Na biyu, idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi 1 cikin 4 na zuwa da SS, kashi 2 cikin 4 AS, kashi 1 cikin 4 AA. A lura da kalmar "kowane ciki". Ba layi ake bi ba, balle a ce tunda na fari ya zo da ciwon to uku masu bi masa sun tsira. Ana iya samun gida mai ƴaƴa biyar babu mai ciwon, a sami wani mai uku duk suna da shi. Auren zumunci yana ƙara yiwuwar haɗuwar masu harafi iri ɗaya, don haka ya fi buƙatar awo.

Na uku, kuma nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe, awon ma iri-iri ne. Awon Emmel, wanda aka saba yi a ƙananan asibitoci, yana duba ko ƙwayoyin jini za su lanƙwashe ne kawai. Ba ya raba AS da SS, kuma sam ba ya ganin C, tunda C ba ya yin lauje. Saurayi mai AC zai iya karɓar takardar da ta ce ba a ga komai ba, ya auri mai AS, su haifi ɗa mai SC. Shi kuwa SC ciwo ne na gaske. Sau da yawa ya fi SS sauƙi, amma yana iya taɓa ido da ƙashin ƙugu. Awon da ke bambance su shi ne elektoroforez, kuma sirrinsa yana cikin matsayi na shidan nan. Kamar yadda batir ke da gefen ƙari da gefen ragi, gulutamik asid yana ɗauke da cajin ragi, balin ba shi da caji, laisin kuwa na ƙari gare shi. Idan aka ɗiga jini aka kunna lantarki, A yakan yi gaba, S ya biyo baya, C ya zo ƙarshe, kowanne ya tsaya a layinsa. Wannan awo za a nema da sunansa. A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta kula da masu wannan ciwo, kuma manyan asibitoci da ɗakunan awo na birane suna yin sa.

Na huɗu, kada a haɗa wannan da rukunin jini. A da B da AB da O da ake dubawa kafin ƙarin jini wani abu ne daban, wata ƙwayar gado ce ke kula da shi. Mai rukunin A yana iya zama AS, mai rukunin O yana iya zama SS.

Shawararmu ita ce a yi awon tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, tun zukata ba su shaƙu ba, tun iyaye ba su ba da baki ba. Wasu hukumomi sun riga sun mai da shi doka: Saudiyya tun 2004, jihar Kano ta Najeriya a 2024. Mu ba sai mun jira doka ba. Waliyyai su tambayi takardar, kuma a riƙe sakamakon a matsayin amana, kada ya zama abin yaɗawa a unguwa ko hanyar ɓata ƴar mutane. Mai AS lafiyayye ne, kuma idan ya auri AA babu ɗansu da zai zo da SS. Inda kuma aka riga aka haifi yaro mai ciwon, a gaggauta kai shi asibiti tun yana jariri, a cika masa alluran rigakafi, a kwantar da shi cikin gidan sauro, a yawaita ba shi ruwa, a kare shi daga sanyin hunturu, kuma duk lokacin da jikinsa ya yi zafi a garzaya da shi wurin likita ba tare da jinkiri ba. Da irin wannan kula yara da yawa suna girma, su yi karatu, su riƙe gidajensu.

A nan za mu dakata. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa iyayen da ke kwana a zaune a kansu da alheri, Ya ba mu zuriya mai albarka.